Kunnen Matuƙi: Lacca kan Zaɓen Hedset ga Mai Tuƙa Ƙaramin Jirgi

Shugaban wannan zama, malamai abokan aikina, iyayenmu da suka rako 'ya'yansu, da ku ƙannena masu shirin fara koyon tuƙin jirgi.

Da aka ce in zaɓi abin da zan yi magana a kai, na san wasunku sun so in ɗauko babban batu, irin yadda ake sauka cikin hazo, ko abin da matuƙi zai yi idan inji ya mutu masa a sama. Waɗannan suna nan tafe a aji. Yau na zo muku da abin nan da kuke gani a kan tebur: kofuna biyu masu rufe kunne, baka guda da ya haɗa su ta saman kai, ɗan hannu mai ɗauke da makirufo, sai waya mai filogi biyu. Matuƙa suna kiransa hedset. Shi ne kaya mai tsada na farko da ɗalibi zai saya da kuɗin gidansu, kuma shi ne na fi ganin ana tafka kuskure wajen sayensa. Wani ya sayi mafi araha, bayan wata biyu yana yawo da ciwon kai. Wani ya matsa wa mahaifinsa lamba a saya masa mafi tsada don ya ga hoton wani kyaftin sanye da shi, alhali kuɗin sa'o'in tashinsa bai cika ba. Duka biyun sun zauna kusa da ni a jirgi, kuma dukansu sun ba ni tausayi.

Bari mu fara da ƙarar kanta, don wanda bai san abin da yake gudu ba, ba zai san inda zai fake ba. Ku ɗauki Cessna 172, jirgin da aka fara sayarwa a 1956, wanda kuma babu jirgin da aka ƙera da yawa kamarsa a duniya. Injinsa mai silinda huɗu yana gaban ƙafafunka, tsakaninku da shi ɗan siririn bangon ƙarfe ne kawai. Farfelarsa mai fiffike biyu ce. Idan kana tafiya a sama tana juyawa kamar sau 2,400 a minti guda, ke nan fiffike yana sarar iska sau 4,800 a minti, wato sau 80 a kowace daƙiƙa. Wannan shi ne rurin nan mai kauri da kake ji har a ƙirji, wanda masana ke cewa yana kan Hertz 80. A kan wannan sai ka ɗora ƙarar salansa, da shewar iska tana gugar gilashi da ƙofa, da kaɗawar jikin jirgin baki ɗaya. A cikin irin wannan jirgi ƙara takan kai wajen desibel 90, ta ma wuce lokacin tashi da aka ba inji wuta duka.

Lambar nan 90 ba za ta ba ku tsoro ba sai kun san yadda ake lissafinta. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai bincike kan lafiyar ma'aikata, ta sa iyaka: desibel 85 na tsawon sa'a 8 a rana. Duk ƙarin desibel 3 kuwa ninka ƙarfin ƙarar yake yi, don haka sai lokacin ya ragu da rabi. A 88 sa'a 4 gare ka. A 91 sa'a 2. A 94 sa'a guda tak. To, ɗalibin da zai yi tafiyar nesa ta sa'a uku, ko malamin da zai ɗaga ɗalibai huɗu a yini, ku lissafa masa da kanku. Duk wanda ya taɓa kai niƙa ya tsaya a bakin inji na minti goma ya san yadda kunne ke yin dum bayan ya fito. Mai ƙaramin jirgi a cikin irin wannan hali yake zaune, sai dai shi a nan ake so ya ji lamba, ya riƙe ta, ya maimaita ta daidai.

Can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wani ɗan gurbi a nannaɗe kamar dodon koɗi. A cikinsa akwai ƙananan ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi, wajen 15,000 a kowane kunne, su ne ke mayar da kaɗawar sauti saƙon da ƙwaƙwalwa ke fahimta. Ƙara mai yawa tana kwantar da su kamar yadda iska ke kwantar da gero. Da farko sukan miƙe bayan an huta. In abin ya yi ta maimaituwa sai su mutu, kuma wanda ya mutu a cikinsu ba ya sake tsirowa. Ɓarnar takan fara ne a siririn sauti, wajen Hertz 4,000, inda baƙaƙe irin su s da f da sh suke. Shi ya sa mai wannan lalura ba ya cewa ya kurumce. Cewa yake mutane sun daina buɗe baki idan suna magana. Yana jin murya sarai, kalmomin ne ke cakuɗe masa.

Malamin da ya fara ɗaga ni sama, Allah ya jiƙansa, haka ya ƙare. Mutum ne da idan ya sauke jirgi ba ka sanin lokacin da taya ta taɓa ƙasa. A zamanin ƙuruciyarsa da lasifikar rufin jirgi da makirufon hannu suke tashi, kunne a buɗe. Na ziyarce shi bayan ya ajiye aiki, ranar sunan jikarsa. Zaure cike da mutane, ana ta hira, shi kuwa yana zaune yana murmushi, yana bin bakin kowa da ido. Da na matso na gaishe shi sai ya juyo mini da kunnen dama, ya kama hannuna ya ce, "Ɗana, ka kula da kunnenka, ni ban sami wanda ya gaya mini ba." Maganar nan ita ta kawo ni gabanku yau.

Akwai kuma batun lasin. Ƙa'idar hukumar sufurin sama ta duniya, ICAO, wadda hukumarmu ta NCAA ke bi, ta ce mai neman takardar lafiya ta ajin farko kada raunin jinsa ya wuce desibel 35 a Hertz 500 da 1,000 da 2,000, kada kuma ya wuce 50 a Hertz 3,000, a kowane kunne. Likita zai sa ka cikin ɗan ɗaki, ya sa maka na'ura, ya ce ka danna maɓalli duk lokacin da ka ji ƙara. Za ka riƙa komawa wannan ɗaki muddin kana aikin. Iyayenmu da ke nan, ku ji wannan da kyau: dukiyar da za ku zuba a karatun yaron nan a kan takardar likita take tsaye.

Ba yau aka fara fama da wannan matsala ba. Jiragen sojan Ingila uku da suka taso daga Masar suka sauka Kano a watan Nuwamba na 1925, mazaunin matuƙinsu a buɗe yake, hular fata ce kaɗai tsakanin kunne da rurin inji. Tun kafin nan, a 1917, a makarantar tuƙi ta Gosport a Ingila, Robert Smith-Barry ya yaɗa wata dabara: tiyo na roba daga bakin malami zuwa kunnuwan ɗalibi. Malami ya yi magana ɗalibi ya ji. An yi shekaru ana koyar da tuƙi da wannan tiyo. Hedset mai kare kunne irin wanda muka sani ya zo ne daga baya sosai. Kamfanin David Clark na garin Worcester a Amurka, wanda ya ɗinka rigar da Ed White ya sa ya fita daga kumbo a sararin samaniya a 1965, shi ya fito da nasa a 1975. Koren kofinsa har yau da shi ake gane shi daga nesa.

Wannan shi ne nau'i na farko, wanda zan kira marar batir. A kwali za ku ga an rubuta PNR. Aikinsa toshewa ne kawai: kofi mai kauri, soso a ciki, matashi mai laushi a baki, da baka mai matse kofunan a jikin kai. Shahararren cikinsu, David Clark H10-13.4, yana rage ƙara da desibel 23 bisa awon kamfanin, nauyinsa kuma bai kai rabin kilo ba. Toshewa tana maganin siririyar ƙara sosai. Amma rurin nan mai kauri na Hertz 80 ratsa kofi yake yi, kamar yadda kake jin kiɗan ganga daga wata unguwa ko da ka rufe taga, alhali muryar mawaƙin ba ta iso ka ba.

Nau'i na biyu, mai batir, shi ne aka rubuta wa ANR. Dabararsa tsohuwa ce, wani Bajamushe, Paul Lueg, ya yi mata rajista a Amurka tun 1936, sai dai kayan lantarkin zamaninsa ba su kai su aiwatar da ita ba. Ku tuna yadda ruwan tafki ke yi idan aka jefa dutse biyu: inda tudun wannan igiya ya haɗu da kwarin waccan, sai ruwa ya kwanta. To, a cikin kofin akwai ɗan ƙaramin makirufo da ke sauraron rurin da ya shigo, nan take na'ura ta ƙirƙiro kishiyarsa, tudu a gurbin kwari, kwari a gurbin tudu, su kashe juna kafin su kai dodon kunne. Amar Bose, malami a jami'ar MIT, ya fara zana lissafin nasa ne a 1978 a cikin jirgi yana dawowa daga Turai, bayan ƙarar inji ta hana shi jin daɗin abin sauraron da aka raba musu. A Disambar 1986 Dick Rutan da Jeana Yeager suka zagaya duniya a jirgin Voyager, kwana tara ba sauka ba shan mai, inji a gaba inji a baya, da samfurin gwaji na Bose a kansu. A 1989 aka fara sayar wa matuƙa. Wannan dabara ta fi ƙarfi a daidai inda toshewa ta gaza, wato a kan ruri mai kauri wanda ba ya sauyawa. Ranar da na fara danna maɓallin irinsa a sama, ji na yi kamar an sauke mini kaya daga ka. Ban san ina ɗaure da kafaɗu ba sai da suka saki.

Wasu tsofaffin matuƙa suna gudunsa, suna cewa zai hana ka jin inji idan ya fara tari. Ni a abin da na gani, rurin yake ragewa, sauyin muryar inji kuwa kana jin sa, wani lokaci ma fiye da da. Duk da haka tsoronsu yana da tushe, domin a 2007 hukumar FAA ta Amurka ta shawarci masu jirage su tabbatar ana jin ƙararrawar gargaɗi da irin wannan hedset a kai. Saboda haka ranar da ka fara sa sabo, ka roƙi malaminka ku gwada ƙahon nan da ke kuka idan fiffike ya kusa rasa ɗaukar iska, ka tabbatar kana jin sa. Ka kuma sani cewa idan batir ya mutu, yawancin masu batir ba su kai marar batir toshewa ba, don an yi su da sauƙin matsi. Batir biyu na AA kan yi sa'a 40 ko fiye, amma ranar da ba ka da na canji a jaka, ran nan yake mutuwa.

Yanzu mu zo kan kuɗi, inda na ga iyaye sun gyara zama. Da dala ake sayen kayan nan, kowa kuma ya san halin da naira take ciki. A ƙasa akwai marasa batir irin su Rugged Air RA200 da ASA HS-1A da Kore KA-1, daga wajen dala 100 zuwa 200 da 'yan kai. David Clark ɗin da na ambata yana wajen dala 350 zuwa 400. Daga nan sai masu batir: Lightspeed Sierra da Zulu 3 a tsakiya, na biyun da garantin shekara 7, sai Bose A30 da ya fito a 2023 a kan dala 1,249, ya gaji A20 na 2010.

Ga ra'ayina, kuma na san akwai abokan aikina a nan da ba za su yarda ba. Ɗalibin da ke fara koyo, wanda ake haɗa masa kuɗin makaranta da ƙyar, ya sayi marar batir mai ƙwari, ya zuba ragowar kuɗin a sa'o'in tashi. ICAO ta ce lasin farko yana buƙatar aƙalla sa'a 40 a sama, na sana'a kuwa 200, ko 150 a kwas ɗin da aka amince da shi. Darasin farko-farko ba ya cika wuce sa'a guda ko ɗaya da rabi, kuma desibel 23 da aka cire daga 90 ya mayar da kai ƙasa da iyakar haɗari. Bambancin wajen dala 900 tsakanin David Clark ɗin da Bose A30 kuɗin darussa ne da dama, kuma darasi ne ke sa mutum ya iya sauka. Ranar da tashi ya zama sana'arka, kana yin sa'a huɗu ko biyar a yini, to a nan mai batir ya zama wajibi a ganina, don gajiyar da ruri ke tarawa ita ma haɗari ce. Tsohon kuma ba asara ba ne, shi za ka riƙa ba fasinja. Wanda Allah ya hore wa gidansu, ya sayi mai batir tun farko, ban hana ba. Abin da ba na so shi ne a ci bashi dominsa.

Sai dai kada a ce na ce a sayi kowane tarkace. Araha ba ta ado. Akwai waɗanda za ka gani a intanet ba sunan kamfani, ba adireshi, ba inda za ka sami kayan gyaransu. Tambayar da za ka yi kafin ka biya ita ce: in matashin kunne ya tsage, ko waya ta karye daga ciki, ina zan sami wani? Abin da ya sa koren David Clark ɗin nan ya daɗe a makarantu ke nan, kusan kowane ɓangarensa ana kwancewa a sauya. Na san masu amfani da guda ɗaya fiye da shekara ashirin.

Na zo kan abin da ya fi komai muhimmanci a wurina, wanda kuma ba a rubuta shi a kwali: yadda abin zai zauna a kanka. Kai ba iri ɗaya ba ne. Hedset ɗin da abokinka ke yabo yana iya zama azaba a gare ka. Minti biyar a kanti kowanne daɗi gare shi, sai an kai minti arba'in yake nuna halinsa. A lokacin ne za ka ji wani wuri a tsakiyar ka ya fara zafi kamar an ɗora garwashi, ko gefen muƙamuƙi ya fara tsami, ko saman kunnenka ya naɗe a cikin kofi. Marar batir da matsi yake toshewa, saboda haka shi ya fi kawo wannan. Mai babban kai ya lura sosai.

Ina ɗalibi, a wani ƙaramin fili inda na je ƙarin horo, na tashi tafiyar nesa ni kaɗai da hedset na aro. Na lura matashin kunnen hagu ya ɗan tsage, na ce ba komai. Na kuma sa tabarau mai kaurin ƙafa. Sa'a ɗaya da tashi sai ƙara ta riƙa shigowa ta gefen nan kamar an buɗe taga. Na ƙara sautin rediyo, abin ya ƙara cakuɗewa. Da na kusa filin da zan sauka, ma'aikacin hasumiya ya ba ni lambar titi da awon iska, sai da na ce masa "say again" har sau uku, wato ya maimaita, ga wasu jirage biyu suna jiran layin ya sarara. Hankalina ya tafi ga sauraro har na bar tsayin da aka ba ni ya zame. Allah ya kiyaye, na gyara, na sauka lafiya. Daren nan na kwanta kunnena na hagu yana ta kuka kamar gyare har asuba. Ɗan tsagin da bai kai faɗin farce ba ne ya jawo wannan duka.

Don haka ku riƙe wannan: duk desibel ɗin da aka rubuta a kwali, da sharaɗin matashin ya manne da fata ko'ina ne. Ƙafar tabarau mai kauri tana ɗaga shi. Ku nemi tabarau mai siririyar ƙafa shimfiɗaɗɗiya, kuma ranar gwaji ku zo da wanda za ku riƙa tashi da shi. Matashi mai ruwan jel a ciki ya fi na soso bin siffar kai da rungumar ƙafar tabarau, sai dai ya ɗan fi nauyi, kuma ana sayensa daban a sauya. Masu son hular hana-salla, ku duba ɗan maɓallin da ke tsakiyarta, domin baka zai danna shi cikin ƙoƙon kanku. Ku cire shi ko ku nemi marar shi.

Ƙannena mata, na ga kuna da yawa a zauren nan, abin ya faranta mini rai. Ku taku matsalar daban ce, kuma masu ƙera kayan nan ba da ku suka auna ba. Kitso mai tudu a tsakiyar ka yana haɗuwa da baka, wanda ya bi ta bayan kunne kuma yana ɗaga matashi. Ɗalibaina mata sun koya mini cewa kitso kwantacce da ya tafi baya shi ya fi, a kuma ɗaure gashi can ƙasa wajen ƙeya. Hijabi ba ya hana komai, ana tashi da shi lafiya lau, amma a zaɓi yadi marar kauri wanda ya kwanta a kan kunne ba tare da ninki ba, kada kuma allura ko ɗan kunne ya faɗo ƙarƙashin kofi. Ku gwada hedset a kan irin shigar da za ku tashi da ita.

Sai zafi. Wanda ya ƙera matashin nan na leda bai zauna cikin jirgi mai rufin gilashi a Zariya cikin watan Afrilu yana jiran izinin tashi ba. Ɗaliban kwalejin koyon tuƙin jirgi ta can, wadda aka kafa tun 1964, sun san abin da nake nufi. Gumi zai cika kofi ya gangaro wuya. Maganinsa ɗan rufin auduga da ake sa wa matashin, mai arha ne, ana wankewa. Yana ɗan rage toshewa kaɗan, amma a bazara na yarda da wannan ciniki. Akwai kuma nau'in da ba shi da kofi sam, irin su Clarity Aloft, wanda ake cusa ɗan soso cikin ramin kunne. Ba nauyi, ba matsi, ba gumi, tabarau da kitso ba ruwansa da su. Wasu in sun saba ba sa komawa. Wasu kuma ba sa jure abu a cikin kunne, ga sosan yana son sauyi a kai a kai, wanda ke nufin sai ka riƙa yin odarsa daga waje.

Makirufo ba ya son dogon bayani. An yi shi ne ya ɗauki abin da ke dab da shi ya watsar da na nesa, don haka ka kawo shi har ya kusa taɓa leɓe, a ɗan gefen baki. In ya yi nisa da yatsa biyu, hasumiya za ta ji injinka fiye da kai. Ka duba hannunsa yana tsayawa inda ka ajiye shi. Wanda kuma zai yi amfani da na aro kafin ya sayi nasa, ya sayi ɗan soson bakin makirufo nasa na kansa, saboda mura da tari.

Ku dubi filogin nan biyu. Mai kaurin na sauraro ne, siririn na magana, haka yawancin ƙananan jirage suke. Helikwafta filogi ɗaya gajere take amfani da shi, U-174. Wasu sababbin jirage suna da soket mai ƙafa shida, LEMO, wanda ke ba hedset wuta daga jirgi ba sai da batir ba. Ka tambayi makarantarka irin soket ɗin jiragenta kafin ka tura kuɗi. Na ga wanda ya jira kaya wata guda, suka iso da filogin helikwafta. Haka kuma kada kwaɗayin araha ya kai ka ga hedset ɗin soja na gwanjo, tsarin lantarkinsa ya sha bamban da na jiragen farar hula, ba zai yi aiki ba sai da na'urar haɗi. In kuma ka sa sabo ka ji kunne ɗaya kaɗai ke magana, kada ka ce an cuce ka. Akwai ɗan makunni na mono da sitiriyo, shi za ka tura. Bluetooth kuwa, ɗalibi ba ya buƙatarsa.

Wani abu guda ya cancanci in ɗan ratse dominsa. A 2022 Lightspeed ta fito da Delta Zulu, mai na'urar shinshino iskar kabon monoksaid a jikinsa. Iskar nan ba ta da wari ba ta da launi, daga salansa mai tsagi take shigowa, ita ce dai mai kashe mutane idan an kwana da janareto a ɗaki. Binciken hatsarin da ya ci ran ɗan ƙwallo Emiliano Sala a Janairun 2019, a jirgin Piper Malibu, ya sami wannan guba da yawa a jininsa. Tunanin kamfanin mai kyau ne. Amma wanda ba shi da kuɗinsa ya sani ana sayar da ƙaramar na'urar gano wannan iska ita kaɗai, da kuɗi kaɗan, a liƙa a gaban jirgi.

Na hannu fa? Ina goyon baya, musamman daga ɗalibin da ya gama ko matuƙin da ya koma manyan jirage. Ka kai shi jirgi ka gwada kafin ka biya. Ka sa a riƙa magana kana murza wayar a hankali daga filogi har kofi. In sauti ya yanke a wani wuri, waya ta karye daga ciki. In mai batir ne, buɗe gidan batir ka duba ko ya taɓa zubar da ruwa ya yi tsatsa, sannan ka kunna ka saurara ko yana shewa ko ƙugi. Matashi da soson makirufo kuwa sabbi za ka saya ko yaya suke.

Idan ka mallake shi, ka riƙe shi da kyau. Kada ka ajiye shi a saman allon gaban jirgi: rana tana dafa ledar, baka yana karce gilashi, ga kuma maganaɗisun da ke cikin kofunan yana iya karkatar da kamfas ɗin da ke wurin. Da hunturu ƙura tana shiga ko'ina, bushewar iska kuma tana fasa matashi, don haka daga kai sai jaka. Kada ka nannaɗe wayar tam a jikinsa. In za ka yi makonni ba ka tashi ba, cire batir. Ni duk shekara nake sauya matashin nawa, ko ya tsage ko bai tsage ba.

Na zo da guda biyar, ga su nan: marasa batir biyu, masu batir biyu, da na cusawa ɗaya da sababbin soso. Shugaba ya ce muna da minti arba'in na tambayoyi. Ina son mutum biyar su taso yanzu, a cikinsu a sami mai tabarau, da mai hula, da ɗaya daga cikin ƙannena mata. Kowa ya ɗauki ɗaya ya sa, ya koma kujerarsa, kada ya cire sai an rufe taro. A sannan za su gaya mana inda ya fara yi musu zafi, da minti nawa ya ɗauka. Bismillah, ku taso.